Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Madina: wa ya gina ta, me ya kashe ta?

Baban Amira:
Salamu alaikum jama'a. Kwana tara ke nan da dawowata daga Umara, kuma akwai wani gini a Madina da ya ƙi fita daga raina. Ranar ziyara an kai mu Ƙuba, an kai mu Uhudu da Ƙiblataini. A hanyar komawa masauki motarmu ta bi ta wani shataletale, sai na hango dogon gini na baƙin dutse, ƙofofinsa a jere masu lanƙwasa irin ta bakan gizo, ga wani masallaci a gefe mai ƙubba da siraran hasumiyoyi biyu masu tsini. Na tambayi direba, ya ce tashar jirgin ƙasa ce ta Turkawa. Ko rage gudu bai yi ba, sauri yake ya sauke mu a kasuwar dabino. Washegari bayan la'asar na taka da ƙafata, ban yi minti ashirin ba daga Harami. Na samu an mayar da wurin gidan tarihi. Na daɗe tsaye gaban wani tsohon kan jirgi, baƙi ƙirin, ina kallon tukunyarsa da bututun hayaƙinsa, ga ɗan guntun dogo a ƙarƙashinsa wanda bai tafi ko'ina ba. Zuwana Madina na uku ke nan, ban taɓa jin wani malamin bita ko jagoran alhazai ya ambaci wurin nan ba. Don Allah wanda ya san tarihinsa ya warware mana.

Ɗalibin Madina:
Wa alaikumus salam. Barka da dawowa Alhaji, Allah ya karɓi ibada. Unguwar sunanta Anbariyya, masallacin da ka gani ma da ita ake kiransa. Tashar ita ce ƙarshen layin dogon Hijaz, wanda ya taso daga Dimashƙa ta ƙasar Sham, tafiyar kilomita 1,300 da 'yan kai. An fara aikin a 1900 bisa umarnin Sarki Abdulhamid na Biyu na Daular Usmaniyya. Dogo ya kai Ma'an a 1904, Tabuka a 1906, Mada'in Salih a 1907, aka yi bikin isowarsa Madina ranar 1 ga Satumba 1908, wato shekara ta 1326 bayan Hijira. Da gangan aka zaɓi ranar, don ta dace da zagayowar hawan sarkin gadon mulki. Baƙin dutsen kuwa na Madina ne, irin wanda ya kewaye garin ta gabas da yamma, wanda ake ce wa Harra.

'Yar Damagaram:
Malam, a gafarce ni. Daular Usmaniyya da na sani ita ce ta Shehu Ɗan Fodiyo. Wata ce daban?

Ɗalibin Madina:
Daban ce Yaya, suna ne ya zo ɗaya. Wannan ta Turkawa ce, hedikwatarta Santambul, kuma a lokacin Makka da Madina da Ƙudus duk suna ƙarƙashinta. Sarkinta shi ne yake riƙe da laƙabin Halifa.

Malam na Samaru:
Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin layin nan shi ne inda kuɗinsa suka fito. A wancan zamani daular Turkawa bashin Turai ya yi mata katutu, kusan duk wani dogo da aka shimfiɗa a ƙasarta kamfanonin Jamus ne ko na Faransa ko na Ingila suka yi, su ke cin riba. Wannan kuwa sarki ya ce ba za a ci bashin ƙasashen waje ba, kuma ba za a ba baƙo hannun jari ba. Shi ya fara buɗe asusu da kuɗinsa, aka yi shela ga Musulmin duniya. Gudummawa ta zo daga Masar, daga Iran, daga Indiya, inda wani ɗan jarida na Lahore mai suna Muhammad Insha'allah ya mayar da abin aikinsa. Wanda ya ba da mai tsoka a ba shi lambar girmamawa. Har fatun layya aka riƙa tarawa ana sayarwa ana zubawa a asusun. Ku da kuka saba ganin 'yan agaji suna bi gida gida ranar Babbar Sallah suna karɓar fata, to da irin wannan aka sayi wani kaso na ƙarfen da Alhaji ya gani. Shi ya sa aka ɗauki layin a matsayin wakafi. Ni idan na kalli hoton ginin nan, ba sarki nake gani ba, talakan da ya ba da fatar ragonsa nake gani.

Bakatsine:
Allah ya gafarta Malam, ka faɗi rabi ka bar rabi. Gudummawar ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ba. Sauran yawancinsu haraji ne: an ƙaƙaba kan sarki na musamman a takardun gwamnati, an yanki albashin ma'aikata ko suna so ko ba sa so. Leburorin ma yawancinsu sojoji ne da aka ba su diga da shebur. Sannan batun cewa don alhazai aka yi, ni ban yarda shi ne dalili na farko ba. Tun 1882 Ingila ta mamaye Masar, mashigin Suwez ya koma hannunta. Idan tawaye ya tashi a Yaman ko Hijaz, dole jirgin ruwan sojan Turkawa ya ratsa ta gaban Turawan Ingila. Sarki yana son hanyar da zai kai soja da bindiga kudu ba tare da neman iznin kowa ba. Alhazai su ne rigar da aka sa wa aikin don jama'a su buɗe aljihu.

Malam na Samaru:
Ban musa maka batun soja ba, yana nan. Ingila ma ta gane haka, shi ya sa da aka so a ja reshe daga Ma'an zuwa Aƙaba da ke bakin Bahar Maliya ta tayar da jijiyar wuya a 1906 har aka fasa. Amma kalmar "riga" ce ban karɓa ba. Kafin dogo, ayarin Sham kwana arba'in yake yi a hanya kafin ya ga Madina. Kwana arba'in a kan raƙumi, zango zuwa zango, rijiya ta ƙafe ko ta yi ɗoyi, ga kwalara, ga 'yan fashi, gwamnati kuma duk shekara sai ta biya ƙabilun hanya kuɗi kafin su bar ayari ya wuce lafiya. Da jirgi ya zo tafiyar ta koma 'yan kwanaki, ba ta kai mako ba. Tsohuwar da ta sauka a Anbariyya da ranta da lafiyarta, ta taka zuwa Rauda, wane ne zai ce mata amfanin da ta samu na bogi ne? Mutum yana iya jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, kuma duka biyun tsuntsaye ne.

Bakatsine:
Na yarda sun amfana. Ina dai tsoron yadda muke mayar da tarihin sarakunan Musulmi kamar wa'azi, mu share duk inda siyasa ta shiga.

Baba na Reluwe:
Ku ba ni dama in sa baki, ni tsoho ne, jikata ce ke rubuta mini. Shekara talatin da ɗaya na yi a reluwe, na fara tun ana zuba kwal da shebur. Yaran yanzu ba za su gane wahalar da ke cikin abin da ake faɗa ba. Kan jirgi mai tururi ba abin da yake ci kamar ruwa. Mu nan muna da tankuna a tashoshi, muna da koguna, amma duk da haka idan rani ya tsananta sai ka ga jirgi ya tsaya yana jiran ruwa. To ina ga wanda zai ratsa hamada? Su sai da suka haƙa rijiyoyi, suka gina tafkuna, wani wurin kuma jirgin da kansa yake jan taragon ruwa ya sauke wa masu tsaron tasha. Kwal kuma ba su da shi. Mu Allah ya ba mu na Inugu. Su daga ƙetare ake kawowa ta ruwa, a sauke a tashar ruwa ta Haifa da ke Falasɗinu, shi ya sa reshen da aka ja zuwa can a 1905 ya zama kamar maƙogwaron layin. Ga rairayi da iska ke tarawa a kan dogo, ga kwari da yake bushe shekara guda, rana ɗaya ruwa ya sauko daga dutse ya tafi da gada. Na je Hajji bayan na yi ritaya, ɗana ya kai ni wurin nan. Abin da na fara yi shi ne na tsuguna na auna faɗin dogon da tafin hannuna. Na ce masa wannan ai kusan namu ne. Daga baya aka gaya mini nasu milimita 1,050 ne, namu 1,067. Na shafa ƙarfen, na leƙa inda mai zuba kwal yake tsayawa, wuri ɗan ƙarami, na tuna zafin da ke bugun fuska idan an buɗe murfin wuta. A Zariya ma da ƙyar muke jurewa, balle a Tabuka da rani. Na yi musu addu'a, don na san abin da jikinsu ya gani.

Baban Amira:
Allah ya ƙara girma Baba, wallahi bayaninka ya sa na ji kamar in koma in sake kallo. Amma har yanzu ba a amsa mini ba: me ya hana shi kaiwa Makka? Wanda ya yi kilomita 1,300, ai saura ƙiris.

Ɗalibin Madina:
Niyyar ke nan tun farko, saura kilomita 400 da ɗoriya. Abu biyu suka taru. Ƙabilun da ke tsakanin Madina da Makka, musamman Harb, abincinsu yana kan hayar raƙuma da rakiyar alhazai da kuɗin da gwamnati ke ba su. Sun ga abin da ya sami masu raƙuman Sham, suka ɗauki makami tun 1908. Shi ma Sharif Husaini, wanda aka naɗa Sarkin Makka a wannan shekarar, ya san ranar da jirgi ya tsaya a ƙofar gidansa, ranar ikonsa ya zama na jeka-na-yi-ka, don soja zai iya isowa daga Sham cikin kwanaki. Sai ya yi ta jan ƙafa. Can Santambul kuma ƙasa ta juya: matasan hafsoshi sun karɓe ragama a Yulin 1908, a Afrilun 1909 aka tuɓe Abdulhamid. Mai abin ya tafi. Sai dai mahajjaci ya sauka a Anbariyya, ya yi ziyararsa, sannan ya hau raƙumi kwana goma da wani abu zuwa Makka kamar yadda kakanninsa suka yi.

Bakatsine:
Kuma kada a zagi masu raƙuman nan. Duk wanda aka zo za a kashe masa sana'ar da ya gada, ba a tanadar masa wata ba, zai yi abin da suka yi.

Hajiya ta Fagge:
Ni tambayata, mutanenmu sun hau jirgin nan kuwa? Kakata ta wajen uwa a ƙasa suka tafi da mijinta, tana goyon babban yayan mahaifiyata. Shekara bakwai suka yi kafin su dawo. Takan ba mu labari da dare, ta ce sun bi ta Borno, suka shiga ƙasar Wadai, suka yi noma a Sudan damina biyu suna tara guzuri, shi yana yankan farce da ga-ruwa, ita tana sayar da ƙosai. Ta ce da suka hango koriyar ƙubba daga nesa kowa ya zube yana kuka. Ban taɓa jin ta ambaci jirgin ƙasa a Madina ba.

Malam na Samaru:
Allah ya jiƙan su Hajiya. Ba za ta ambata ba, don hanyarmu ba ta haɗu da shi ba. Layin daga arewa ya gangaro, na mutanen Sham ne da Turkiyya da waɗanda suka biyo ta can. Namu daga yamma suke zuwa, su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin ko Port Sudan, su sauka Jidda ko wani gaɓar. A shekarun da ake shimfiɗa dogon ma, mu nan wata musiba ce ta same mu: 1903 Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya kama hanyar gabas da jama'a, aka kashe shi a Burmi, waɗanda suka tsira suka ƙarasa Sudan, zuriyarsu na nan a Mai Wurno. Namu dogon ya iso Kano a 1911, shekara uku bayan na Madina, kuma shi teku ya nufa da auduga da gyaɗa. Idan kakarki ta je bayan yaƙin duniya na farko, to ta tarar da tashar a rufe ne ko tana gab da rufewa.

'Yar Damagaram:
Ke nan shekara nawa ya yi yana aiki gaba ɗaya?

Ɗalibin Madina:
Aiki sosai na jigilar alhazai, daga 1908 zuwa 1914 ne, da yaƙi ya ɓarke sai ya koma na soja. A Yunin 1916 Sharif Husaini ya yi wa Turkawa tawaye da goyon bayan Ingila. 'Ya'yansa da hafsoshin Ingila da Faransa, cikinsu har da Lawrence da sunansa ya fi fita, suka riƙa dasa nakiya a ƙarƙashin dogo da gadoji. Dabararsu ita ce kada su kashe layin ɗungurungum, su bar shi yana numfashi da ƙyar, don dubban sojan Turkawa su ƙare a gadi da gyara maimakon su tafi fagen daga. Kwal ya yanke saboda an toshe teku, aka koma ƙona itace, aka sare bishiyoyin Sham masu yawa. Har yau akwai kan jirgi kwance a gefensa cikin rairayi a tashar Hadiyya, arewa da Madina. Kwamandan Madina, Fakhri Pasha, ya ƙi miƙa wuya. Daularsa ta sa hannu a takardar tsagaita wuta a ƙarshen Oktoban 1918, shi bai fita ba sai Janairun 1919, shi ma hafsoshinsa ne suka kama shi. Sojojinsa har fara suka ci saboda yunwa.

Bakatsine:
To a nan nake so a yi adalci. Turkawa suna kiransa gwarzon da ya tsare kabarin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Amma ka tambayi tsofaffin gidajen Madina abin da suke kira Safar Barlik. Daga wannan tasha aka loda mutanen gari a taragu, maza da mata da yara, aka kai su Sham, wai abinci ba zai isa ba. Iyalai suka rabu, da yawa yunwa da cuta suka kashe su a can, garin ya kusa zama kango. Ta nan kuma aka fitar da kayayyaki masu daraja na ɗakin Annabi a 1917 zuwa Santambul, suna fadar Topkapi har gobe. Ƙofar da aka gina don shigo da baƙin Manzo, ta ita aka fitar da maƙwabtansa. Duk wanda zai tsaya gaban ginin ya yi ta'ajibi, ya tuna da wannan ma.

Malam na Samaru:
Wannan gaskiya ne, kuma ban da abin cewa a kan wahalar mutanen Madina. A kan kayan dai ana da ja: Turkawa sun ce tsare su aka yi kada su faɗa hannun Ingila, wasu Larabawa sun ce kwashe su aka yi. Ni na fi karkata ga cewa tsoron na gaske ne, ganin inda dukiyoyin ƙasashen da Turawa suka ci suka ƙare. Amma na san wanda aka raba da uwarsa a kan dandamalin nan ba zai saurari wannan hujja ba.

Ustaz Abu Hafsa:
Ina bin zancen tun ɗazu, na ƙaru. Jan hankali ɗaya: kada a fita daga nan a ce an samu sabon wurin ziyara. Ziyarar da ta tabbata a Madina sananniya ce, Masallacin Annabi, Ƙuba, Baƙi'a, shahidan Uhudu. Tasha ba ta ciki, kuma malaman bita ba su yi laifi ba da suka bar ta.

Baban Amira:
Allah ya saka da alheri Ustaz, ba neman lada na je yi ba, kuma ban shafi bango don tabarruki ba. Amma mutanenmu suna da awanni tsakanin azahar da la'asar da suke ƙararwa a shagunan agogo da jallabiya. Idan aka ce musu ga wuri kusa da za su ga yadda na gabansu suka sha wuya kafin su iso inda su suka iso cikin awa biyar a jirgin sama, ina ganin zai ƙara musu godiya ne.

Ɗalibin Madina:
Ƙari a kan haka, a cikin harabar tashar akwai ɗan ƙaramin masallaci mai ƙubba uku, ba shi da hasumiya, sunansa Suƙya. Malaman tarihin Madina sun ambata cewa a wannan wuri Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya duba rundunarsa a hanyar fita Badar. Masu ginin tasha ba su rushe shi ba, katangarsu ta kewaye shi.

Ustaz Abu Hafsa:
Idan don ilimi da ɗaukar darasi ne, babu laifi. Niyya ce dai a gyara.

Hajiya ta Fagge:
Bayan yaƙin ba wanda ya yi yunƙurin gyara shi?

Malam na Samaru:
An yi, bai yi nisa ba. Layin da yake ƙasa ɗaya ya wayi gari a hannu uku: Faransa a Siriya, Ingila a Falasɗinu da Jodan, kudu kuma Hijaz, wadda Sarki Abdul'aziz ya karɓe, Madina ta shiga hannunsa a ƙarshen 1925. An ɗan lallaɓa jirage kaɗan suka iso a farkon shekarun 1920, daga nan shiru. A shekarun 1960 Saudiyya da Jodan da Siriya suka haɗa kai aka fara aikin farfaɗowa, yaƙin 1967 ya zo aka watse. Kafin nan ma mota da jirgin sama sun riga sun ɗauke alhazai. Ginin ya yi shekaru a yashe kafin a gyara shi, aka buɗe gidan tarihi a ciki a 2006. Ni ina ganin sa'a ya yi ƙwarai, idan ka tuna ganuwar Ajyad ta Turkawa da ke kallon Ka'aba an baje ta a 2002 aka yi dogayen benen nan masu agogo. A 2015 kuma Saudiyya ta sa layin a jerin wuraren da take neman UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya.

Baba na Reluwe:
Da na ga yadda suka share wurin, suka yi wa kan jirgi fenti, suka sa shi a inuwa, sai na tuna ƙaramin layinmu na Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957. Mahaifina ya yi aiki a kansa. Yau idan ka tambayi yaro a hanyar ba zai nuna maka inda ya bi ba. Zuciyata ta yi nauyi ranar.

'Yar Damagaram:
Allah ya ba da lada Baba. Mu a Nijar da yawanmu ba mu taɓa hawa jirgin ƙasa ba sai a Saudiyya. Bara na hau na Haramaini daga Madina zuwa Makka, na yi alwala na ɗaura niyya, kafin in gama lazimi mun wuce Jidda. Ashe tsakanin nan ne aka kasa haɗawa.

Ɗalibin Madina:
Nan ne Yaya. An buɗe shi a 2018, shekara 110 bayan bikin Anbariyya. Kilomita 450 ne, yana gudun da ya kai 300 a awa, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci. Amma ba a kan tsohon layin yake ba, faɗin dogonsa ma daban, tasharsa kuma tana gabashin gari.

Hajiya ta Fagge:
In Allah ya yarda da azumi zan je tare da ƙanwata. Gwiwata ba ta son doguwar tafiya. Ta ina ake bi?

Baban Amira:
Hajiya ki fita ta kusurwar Harami da ke wajen Masallacin Gamama, ki miƙe kudu maso yamma, hasumiyoyin nan biyu za su yi miki jagora. Idan gwiwa ta ƙi, ki tari tasi ki ce masa Anbariyya kawai. Ki sa a tambayar miki lokacin buɗewa a masauki kafin ki fita, don da azumi lokuta suna canzawa. Ni ban lura da Suƙya ba sam, na wuce shi ina kallon taragu. Don Allah idan kin je ki ɗauko mana hotonsa.

Hajiya ta Fagge:
Zan ɗauko insha Allahu. Baba na Reluwe, a gaya wa jikar taka ta turo mini sunan mahaifinka ta akwatin sirri, in sa shi a addu'a tare da kakata idan na shiga Rauda.